Karatun jami'a ya canza salo: me ya sa nauyi ya koma kan ɗalibi, kuma ina karatu ta intanet ya dosa?

Kowace shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, gidaje da dama a karkara kan shiga lissafi. Bayan guɗa da barka, sai maganar kuɗin mota zuwa Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, da ɗan abin da yaro zai riƙe kafin buris ya fito, in ma yana cikin masu samu. A da, lissafin nan yake tsayawa. Yanzu an ƙara wasu abubuwa: babbar waya, kuɗin mega, wani lokaci har kwamfuta. Uba ya saida rago ko buhun wake, yaya da ke Abijan ko Aljeriya ya aiko da cikon. Bayan wata biyu a kira yaro da hantsi, a tarar yana ɗaki ko gindin icce da abokansa, ya ce yau babu malami, aikin rukuni suke yi. Dole hankalin uwaye ya tashi. Karatu ake yi ko zaman banza?

Amsar tana da ɗan tsawo. Abin da ya faru shi ne an sake tsarin karatun jami'a gaba ɗaya, a Nijar da maƙwabtanta, an ɗora wa ɗalibi kaso mai yawa na aikin da a da malami ke yi masa. Wanda ya gane haka da wuri yakan wuce. Wanda bai gane ba yakan ɓata shekara biyu ko uku, ya koma gida hannu wofi, rago kuma ya riga ya tafi.

Yadda aka saba

Duk wanda ya taɓa zama a lakwal ya san tsohon salo. Mushe yana tsaye gaban allo, yana faɗi, yara suna rubutawa a kaye. Ranar jarrabawa a mayar masa da abin da ya faɗa, yadda ya faɗe shi. A jami'a ma haka abin ya daɗe yana tafiya, sai dai ɗakin ya fi girma. Ɗaruruwan ɗalibai a anfi guda, malami da makirfo, awa biyu ko uku yana karanto darasi. Wanda bai samu kujera ba ya tsaya bakin taga, wanda bai zo ba ya yi fotokopin kayen abokinsa. Ƙarshen shekara jarrabawa guda ce ke yanke hukunci.

Wannan salo yana da amfaninsa. Ba shi da tsada, malami ɗaya ya ishi mutum ɗari biyar, kuma inda littattafai suka yi ƙaranci, abin da malami ya faɗa shi ne littafin. Da shi aka horar da likitoci da alƙalai da injiniyoyin da ƙasa ke taƙama da su. Matsalarsa ita ce mutum na iya haddace shafi hamsin ya ci jarrabawa, bayan wata guda ya manta, kuma ranar da aka kai shi gona ko asibiti ko ofis aka ce ga matsala warware, sai ya tsaya yana kallo. Wani masanin ilimi ɗan ƙasar Burazil, Paulo Freire, ya kwatanta irin wannan karatu da ajiya a banki: malami ya zuba, ɗalibi ya adana, ranar jarrabawa a zo a cira.

Me ake nufi da ɗora ɗalibi a tsakiya?

A sabon salo, tambayar da malami zai fara yi wa kansa ta canza. Da, yakan ce: me zan faɗa musu a wannan zango? Yanzu ana son ya ce: in zango ya ƙare, me ɗalibin nan zai iya yi da kansa wanda bai iya ba a da? Daga amsar ne zai tsara darasi, da aikin da zai bayar, da yadda zai gwada.

Mu ɗauki misalin ajin koyon aikin gona. A tsohon salo, malami zai zayyano cututtukan hatsi da ƙwarin da ke cinsa, ɗalibai su rubuta. A sabon salo, zai iya kawo zangarniyar gero da tsutsa ta ɓarnata, ya raba ajin rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, ya ce: ku gano mini me ya ci wannan, a wane lokaci na damina yake shigowa, kuma wace shawara za ku ba manomin da ba shi da kuɗin magani. Su tafi ɗakin karatu, su duba intanet, su tambayi manoma, su yi gardama a tsakaninsu. Mako mai zuwa su tsaya gaban ajin su bayyana, malami ya gyara, ya cike giɓi, ya nuna inda suka kauce. Bayanin da zai yi a lokacin yakan zauna a kai, domin sun riga sun sha wuyar neman amsar.

Wannan hanya ta farawa da matsala ta yi suna ne daga makarantar koyon likita ta jami'ar McMaster a Kanada, wadda ta soma aiki da ita a 1969, daga nan ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Akwai kuma wata dabara da ake kira juyayyen aji: ɗalibi ya karanta darasi ko ya saurare shi tun daga ɗaki, lokacin haɗuwa da malami kuma a kashe shi kan tambayoyi da atisaye. Da ma ai wurin atisayen ne mutum ya fi buƙatar mai kama masa hannu.

Kada a ɗauka aikin malami ya ragu. Karanto darasin da aka rubuta shekara goma da suka wuce ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tsara matsala, bin rukuni goma, da gyara aikin kowa.

LMD da lissafin awoyi

Uwaye da yawa sun sha jin ɗiyansu na cewa LMD. Haruffa uku ne na matakan karatu: lisans shekara uku, masta shekara biyu, doktora shekara uku. Asalin tsarin daga Turai ne, bayan da ministocin ilimi na ƙasashe 29 suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Bolonya na Italiya a 1999, don takardun shaidarsu su yi daidai da juna. A yankinmu, majalisar CAMES mai kula da ilimi mai zurfi, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma cibiyarta ke Wagadugu, ta rungumi tsarin, sannan ƙungiyar UEMOA ta fitar da umarni a 2007 cewa ƙasashenta takwas su koma kansa. Da shi jami'o'in gwamnati na Nijar ke aiki a yau.

Ga inda maganar ta shafi kowa. A LMD an raba shekara zango biyu, kowane zango yana da maki na aiki da ake kira kredi, guda 30. Lisans kredi 180 ke nan, masta 120. Kredi ɗaya kuwa ana ƙiyasta shi da aikin awa 20 zuwa 25. In ka yi lissafi, zango ɗaya awa 600 zuwa 750 ne. Ka raba su kan mako 15, za ka samu awa 40 zuwa 50 a kowane mako, daidai da aikin cikakken ma'aikaci ko fiye.

To amma ba duka awoyin nan ake yi gaban malami ba. Akwai babban darasi na anfi, akwai zaman atisaye a ƙananan rukuni, akwai aikin hannu a ɗakin gwaji ko a gona. Sannan akwai kaso mai yawa, a wasu darussan ya kusa rabi, da aka rubuta shi a tsarin da sunan aikin ɗalibi na ƙashin kansa. Wannan kason babu mai kiran suna, babu mai tsaye da bulala. Shi ya sa yaro zai iya cewa yau babu malami, kuma gaskiya ya faɗa. Abin tambaya shi ne me ya yi da ranar.

Jarrabawa ma ta canza. Ana haɗa makin ayyukan da aka yi cikin zango da na jarrabawar ƙarshe. Darasin da ɗalibi ya ci da 10 cikin 20 ya zama nasa, ba zai sake shi ba. Wanda ya faɗi kuma yana nan a kansa kamar bashi, kuma bashi in ya taru yakan hana mutum karɓar takarda ko da ya kai shekara ta uku. Ɗalibai da dama a nan suke maƙalewa, gida kuwa ana zaton sun kusa gamawa.

Shin salon yana aiki?

An gwada, kuma an auna. A 2014 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Scott Freeman, sun tattara bincike 225 da aka yi kan darussan kimiyya, lissafi da injiniyanci a jami'o'i. Sun gano cewa a ajin da malami ke magana shi kaɗai, kusan ɗalibi 34 cikin 100 ke faɗuwa. A ajin da ake sa ɗalibai aiki da tattaunawa, adadin ya sauko zuwa kusan 22 cikin 100. Amfanin ya fi fitowa a ƙananan ajujuwa, amma har a manya an gan shi.

Wani zai ce wannan ai Amurka ce, mu da ke da mutum ɗari biyar a anfi fa? Akwai dabarar da ba ta buƙatar ko dala. Wani malamin kimiyyar fiziks a jami'ar Harvard, Eric Mazur, ya lura a farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa na iya warware lissafi mai wuya, amma in aka yi musu tambaya mai sauƙi kan ma'anar abin sai su ruɗe. Sai ya sake salo. Yakan yi bayani na ƴan mintoci, ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai. Daga nan ya ce kowa ya juya wajen maƙwabcinsa ya gamsar da shi. Bayan minti biyu ko uku a sake amsawa, kuma galibi masu amsa daidai sukan ƙaru sosai. Dalili kuwa, wanda ya gane abu yanzu-yanzu bai manta inda wuyar take ba, ya fi malamin da ya san shi shekara ashirin iya fahimtar da ɗan uwansa. Ana iya yin wannan a anfin Yamai ko na Damagaram da ɗaga hannu kawai.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu

Duk da sunayen Turawa da muka ambata, tushen maganar sananne ne a ƙasar Hausa. A makarantar zaure, kowane ɗalibi da littafinsa yake zuwa. Shi ke karantawa, malam na fassara yana gyara, kuma ba ya wucewa gaba sai ya riƙe na baya. Wani ya yi sauri, wani ya yi sannu, babu mai jiran wani. Kafin ya zo ya yi bita, bayan ya tashi ya sake bi da abokan karatu. A garejin gyaran babur ma, maigida ba ya zaunar da yaro ya yi masa wa'azin kaburato. Yakan miƙa masa sifana ya ce kwance, in ya ɓata ya nuna masa. Gani ya kori ji, yi kuma ya kori gani.

Shi kansa mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa ya yi wannan magana tun da daɗewa. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fiziks da ya yi suna kan binciken hasken rana, ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka a 1964. A ciki ya soki makarantar da Turawan mulkin mallaka suka bari saboda ta raba yaro da rayuwar mutanensa, ya kuma nemi a haɗa karatu da aiki, a koyar da harsunan gida. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

Maganar harshe tana da nauyi a nan. Ɗalibi da yawa sun san abu a kai, Faransanci ne ke ɗaure musu baki a gaban jama'a. A zaman rukuni kuwa, ɗaya zai warware wa ɗaya da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, sannan su mayar da shi rubutu da harshen jarrabawa. Babu laifi a cikin haka, hanya ce ta fahimta.

Karatu daga nesa: daga rediyo zuwa waya

Nijar tana cikin ƙasashen farko a Afirka da suka gwada koyarwa ta na'ura. A 1962 aka kafa kulob-kulob na masu sauraron rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a naɗi ra'ayinsu a mayar gidan rediyo. A 1964 kuma aka soma koyar da yaran firamare ta talabijin a wasu ajujuwa, shirin da ya ci gaba har ƙarshen shekarun 1970. Darasin da kulob-kulob ɗin suka bari har yau yana da amfani: sauraro kaɗai bai isa ba, tattaunawar da ke biyo baya ita ce ke dasa ilimi.

Har ma manhajar da jami'o'i da yawa a duniya ke ɗora darussa a kanta, wato Moodle, tana da alaƙa da rediyo. Wanda ya ƙirƙiro ta, Martin Dougiamas, ya tashi ne a hamadar Ostareliya, nesa da kowace makaranta, ta rediyo ya yi karatun firamare. Ya fitar da manhajar a 2002, kuma kyauta ce.

Abin da ya tilasta wa kowa waiwayar wannan hanya shi ne cutar korona. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu da jami'o'i a Nijar, ba a sake buɗewa ba sai farkon watan Yuni. Malamai da dama suka koma tura darasi ta WhatsApp, wasu da rubutu, wasu da murya. Nan take bambanci ya fito fili: ɗan birni mai waya da kuran ya ci gaba, wanda ya koma ƙauye inda rezo sai an hau tudu ya tsaya cik.

Karatu ta intanet iri biyu ne, kuma ya kamata a bambance su. Akwai na kai tsaye, malami da ɗalibai su haɗu a lokaci guda ta bidiyo. Wannan yana cin mega sosai, kuma rezo na yankewa darasi ya wuce ka. Akwai kuma wanda ake ajiye darasi, rubutu ko murya ko gajeren bidiyo, ɗalibi ya sauke lokacin da ya samu rezo, ya bi a lokacin da ya ga dama, ya mayar da aiki kafin ranar da aka yanke. Na biyun ya fi dacewa da halinmu. Bayanin awa guda da murya ba ya cin ko kashi ɗaya cikin goma na abin da bidiyo ke ci, kuma ana iya tura shi daga waya zuwa waya ba tare da mega ba.

Maƙwabta sun yi nisa a wannan fanni. Senegal ta kafa jami'ar intanet a 2013, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marubuci Cheikh Hamidou Kane. Ba ta bar ɗalibai su kaɗai da wayoyinsu ba: ta gina cibiyoyi a jahohi, masu wuta da intanet da ɗakunan zama, inda ɗalibi zai je ya yi aiki, ya haɗu da ƴan uwansa, ya rubuta jarrabawa. Kodebuwa ta kafa tata a 2015. A Najeriya, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a jahohi, har da Kano, Katsina da Sakkwato. Duk inda abin ya yi tasiri, za ka tarar akwai wurin haɗuwa da mutum mai bibiya.

Dalili kuwa a bayyane yake. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan darussan kyauta da jami'o'in Harvard da MIT suka ɗora a intanet ya nuna cewa a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kusan mutum uku ne kacal cikin 100 da suka yi rajista suka kai ƙarshe. Darussan ba su da aibu, daga manyan malaman duniya suka fito. Zama kai kaɗai da waya, babu aboki, babu mai tambayar ina ka kwana, shi ke kashe gwiwa.

Inda gizo ke saƙa

A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, waɗanda yanzu ke ɗauke da sunayen Dan Dicko Dankoulodo, Djibo Hamani da André Salifou. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Wannan ya kawo jami'a kusa da gida, amma yawan masu samun bak na ƙaruwa da sauri fiye da gine-gine da malamai. Sabon salo kuwa yana son ƙananan rukuni, ɗakin karatu mai littattafai, ɗakin gwaji mai kayan aiki, da malamin da ke da lokacin duba aikin kowa. In aka ce wa ɗalibi je ka nemo, alhali babu inda zai nema, an sauke nauyi ne kawai daga kan hukuma an ɗora masa.

Ga kuma wuta. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Ga yajin aiki, yau na malamai, gobe na ɗalibai kan jinkirin buris, har shekarun karatu su hau kan juna, lisans na shekara uku ya koma huɗu ko biyar. Zangon da ya kamata ya ɗauki wata huɗu in aka matse shi cikin ƴan makonni, aikin rukuni da bincike su ne farkon abin da ake yarwa, a koma karanto darasi a guje.

Akwai kuma matsalar da ke cikin kai. Yaron da ya yi shekara 13 ana ce masa yi shiru ka rubuta, ba zai iya a dare ɗaya ya zama mai tambaya da bincike ba. Tarbiyyarmu ma ta koya masa kada ya ja da babba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka gyaran sai ya faro daga kwaleji da lise. Malamai su ma da yawa ba a taɓa koya musu dabarun koyarwa ba, gwanaye ne a fanninsu amma yadda aka koyar da su haka suke koyarwa.

Sai kuma satar amsa. Yanzu akwai manhajoji irin su ChatGPT da ke rubuta wa mutum aiki cikin minti guda. Ɗalibin da ya kwafa ya miƙa ya samu maki, amma bai samu komai a kai ba, kamar wanda ya aiki wani ya ci masa tuwo. Maganin da malamai da dama ke amfani da shi shi ne tsayar da ɗalibi ya kare aikinsa da baki.

Duk da haka, akwai waɗanda wannan hanya ta buɗe wa ƙofar da a da take rufe. Malamin makaranta da aka tura ƙauye mai nisa, ma'aikaciyar asibitin karkara, matar aure mai goyo da ta samu bak amma ba za ta iya barin gida shekara uku ba, ɗan kasuwar da ke Kwatano ko Lome: duk waɗannan za su iya ƙaro ilimi ba tare da barin aiki ko iyali ba, muddin makarantar ta gaskiya ce.

Abin da ya rage ga uwaye da ƴan uwa na ƙetare

Ba sai ka iya Faransanci za ka bibiyi karatun ɗanka ba. Maimakon ka tambaye shi shekara ta nawa yake, tambaye shi kredi nawa ya samu cikin 30 a zangon da ya wuce, kuma akwai bashin darasi a kansa? Ka ce ya nuna wa wani mai karatu a dangi takardar makinsa. Tambaye shi su wa yake karatu da su, a ina, sau nawa a mako. In ya zo hutu, ka ce ya yi maka bayanin abu guda da ya koya, da Hausa. Wanda ya gane abu zai iya faɗarsa da harshen uwarsa.

Ga masu aiko da kuɗi daga waje, ba waya mafi tsada ce ta fi amfani ba. Waya mai riƙe caji da wurin ajiya, ƙaramin faranti mai amfani da hasken rana ko batirin ajiya, da kuɗin mega ƙayyadadde kowane wata, sun fi waya mai ƙyalli da za ta ƙare a kallon bidiyon barkwanci. Daga shekara ta uku zuwa masta, lokacin rubuta kundin bincike, kwamfuta ko da ta hannu ce takan zama dole. Kuma ɗiya mace tana buƙatar waɗannan kaya daidai da ɗa namiji. A hana ta waya don tsoro, a kuma ce ta yi gogayya da wanda ke da ita, wannan bai zama adalci ba.

A yi hattara da masu tallan digiri ta intanet a Facebook da WhatsApp, masu alkawarin lisans cikin wata shida ko masta babu jarrabawa. Kafin a biya ko jika ɗaya, a bincika ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta san da makarantar, ko CAMES ta amince da takardarta, a ina ake rubuta jarrabawa, kuma akwai malamin da ke amsa tambayar ɗalibi. Takardar da ba a amince da ita ba ba ta shiga gasar ɗaukar aikin gwamnati, kuɗin kuwa ba ya dawowa.

Sannan a bar wa ɗalibi lokacinsa. Ganinsa zaune da waya ko takarda a gida ba ya nufin ba shi da aikin yi. In mai karatu daga gida ne, awa biyu ko uku a rana da ba za a aike shi ba, ba za a kira ta ɗora tukunya ba, su ne kuɗin makarantar da gida zai iya biya ba tare da saida komai ba.

Su kuma magabata da shugabannin kananan hukumomi, akwai abin da bai fi ƙarfinsu ba: ɗaki guda a kowace komin, mai farantin hasken rana, teburi da intanet, inda ɗaliban yankin za su riƙa haɗuwa lokacin hutu ko yajin aiki. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke zaune a waje, waɗanda suka saba haɗa kuɗi su gina rijiya ko aji, su ma za su iya ɗaukar wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma ɗalibai, awoyin nan da babu malami a kanku an riga an lissafa su cikin karatunku, kuma da guminsu wasu suka biya su. Ranar jarrabawa, da ranar neman aiki, za a tambaye ku abin da kuka yi da su. Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya.